Fatar Gaban Mota

Ranar Talata bayan la'asar na tsayar da tsohuwar motata Fijo a ƙofar gidan Zaliha badukiya, wadda ta gaji sana'ar mijinta marigayi. Fatar da ke saman allon gaban motar ta sake kumbura, gefenta ya ɓare, soson ciki yana zuba kamar gari. A ɗan littafina na biro, wato ofis, wannan ne zuwa na biyar cikin shekara uku.

Ta leƙa ta taga, ta ɗaga fatar da yatsa. Ba ta aika a ɗauko danƙo ba.

"Malam Ja'afaru, itacen bedi nawa ne a ƙofar bironku?"

"Uku."

"Dukansu da inuwa. Amma kullum na bi ta nan zuwa kasuwa, motarka tana tsakiyar rana, ita kaɗai."

Na cire tabarau na hau gogewa da bakin riga.

"Na gaji," in ji ta a hankali. "Ni na manna, kai ka gasa, ka dawo ka zauna kana kallon hannuna. Fata ta ƙare, ni ma ba yarinya ba ce. In gyara kake so, ka kai ta Damagaram. In maganar aure ce, waliyyina Kawu Hammajoda yana garin Kelle."

Ta shiga gida, ba ta waiwayo ba.

Na daɗe riƙe da sitiyari. Sannan na buɗe littafin, ƙarƙashin zuwa na biyar na rubuta: Kelle, ranar Juma'a.

Washegari na ajiye motar a inuwa.