Beben Kwabo

Tun da aka haramta kuɗin hannu, Inna Kande ke begen kwabo irin wanda marigayi mijinta ya liƙa mata a goshi ranar bikinsu. Jikanta Sallau ya sayo ɗaya a gwanjon intanet, ya kawo mata naɗe cikin auduga.

Ta sake shi a daɓe, ta kasa kunne.

"Angona, an cuce ka. Na gaske kuka yake in ya faɗi. Wannan bebe ne."

Sallau ya sunkuyar da kai. "Bari in mayar musu, Inna."

Ta ɗaga ido ga na'urar da hukuma ta kafa saman ƙofa don jiyo ƙarar kuɗi. "Da ya yi kuka, ai da tuni sun zo sun ƙwace." Ta miƙo goshinta. "Zo ka liƙa min."