Batir a Gindin Sanda ta Tara

Barau yana durƙushe a gindin sanda ta tara, yana tura batirin tocila cikin ƙasa da ɗan yatsa. Gwiwa na ciwo, baya na ciwo. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana gadin bututun man da ya ratsa ƙarƙashin gonaki daga wajen Gafasa zuwa Toranke, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ganin bututun da idonsa ba. Sanduna kawai ya sani, na siminti masu jan kai, kowacce da 'yar waya a jiki.

Wai wayar nan tana haɗe da bututun. In jami'in hukuma ya zo ya jona mita, ita za ta faɗa ko tsatsa ta fara cin ƙarfen. To tun zuwan Barau mita ba ta taɓa motsi ba. Ya kai ƙara kamfani sau uku, aka ce in layi ya lalace a hannunsa, a nemo wani mai gadin. Shi ne ya koyi dabara. Sabon batir yana sa mita ta zarce, sai a yi zargi. Wanda ya yi sati biyu a rediyo, shi ne daidai.

Jami'an ma ba su da wahala. Su jona a sanda biyu, rana ta dake su, sai gidan Barau. Ai kusa yake, shekara shida da suka wuce ya gina shi, ya ƙirga taku arba'in cif daga sanda kamar yadda doka ta ce. Su sha fura a zaure, su ce ruwan rijiyarsa yana ɗan wari, ya ce jarkar ce, su cike takarda su tafi.

Bana sai aka turo Injiniya Hidaya. Doguwa, ba fara'a, idonta kamar wadda ta kwana uku a mota. Aka kawo fura ta ce sai an gama.

Sanda ta ɗaya, daidai. Ta biyu, daidai. Har ta tara lamba ɗaya ce, ba ƙari ba ragi. Ta tsaya tana kallon mitar, ta kalli Barau.

"Baba, ko 'ya'yan mutum ɗaya ba sa kama haka."

"Ai kulawa ce, ranki ya daɗe."

Ta sa tsinin takalmi ta tona. Batir ya leƙo, har da tambarin damisa. Barau ya dube shi kamar yau suka fara haɗuwa.

Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi tsorata shi. Ta ce a haƙa ta ga ƙarfen da kanta. Usaini, yaron aikinta, da wani lebura suka kama diga. Barau ya zauna a kan kunya yana lissafin abin da ya rage masa: aiki ya tafi, wannan an gama. Saura ko Ajingi za a tsare shi ko sai an kai shi Kano. Ya tuna Ummukulthum, matarsa, da za ta ji labari a bakin maƙwabta.

Rami ya kai gwiwa. Ya kai ƙugu. Ya shanye Usaini har hula. Jar ƙasa, saiwar kuka, sai wani tsohon takalmi. Wayar sandar kuwa, da aka ja ta, tsawonta bai fi kamu biyu ba, a guntule.

"Hajiya, mu ci gaba, ko rijiya ake so?" in ji Usaini daga ciki.

Nan Barau ya miƙe zumbur ya leƙa ramin. Batir laifi ne, amma a ce bututu guda ya ɓace a hannun mai gadi? Wa zai yarda bai sayar wa 'yan gwangwan ba?

Hidaya ta koma mota ta ɗauko wata na'ura mai kama da sandar makaho, ta rataya, ta fara yawo. Arewa shiru. Ta juya kudu, cikin gyaɗar Malam Hamma, wanda yake tsaye da fartanya tun ɗazu yana kallon ikon Allah.

"Malam, sandunan nan, nan aka kafa su?"

"To, kusan nan ne," in ji Hamma. "Kin san an hana noma kusa da su. Shi ne in damina ta zo mukan ɗan matsa da su gefen burtali, kunya ɗaya, biyu. Kowa ma yana yi, don layin ya tafi a miƙe. Ba ma wasa da kayan gwamnati."

"Tun yaushe?"

"Tun marigayi babana da ƙarfinsa."

Ta rufe ido ta buɗe. Ta ci gaba da tafiya. Can na'urar ta fara ƙyaf-ƙyaf, sai ta ɗauki kuka sosai. Ta bi kukan, Barau na binta a baya yana jan ƙafa, har wani sanyi ya ji: bututu dai yana nan, ba a sace ba.

Suka fita daga gyaɗa, suka tsallake shinge. Ta yi sallama, aka amsa, ta shige. A tsakar gida ta tsaya, inda ƙasa ta yi wani baƙi-baƙi da danshi, na'urar tana ihu kamar za ta fashe.

Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Baba, ka ce mata ta kashe wutar nan. A hankali."

Ummukulthum ta ɗago kai daga kaskon ƙuli-ƙulinta, wanda shekara shida ke nan kullum take hura masa wuta a kan bututun da mijinta yake fita gadi.