Tela da Littafin Ɗan Agwagwa

Ga ta nan, ga ta nanku, iyayen yara. In kun ce ta zo mu ji ta, to ta zo, sai dai ba ta dariya ba ce.

Wani tela ne, mutumin kirki, bai yi boko ba, amma ya rantse autarsa sai ta yi. Auta kuwa yarinya ce mai shiru, har ta kai aji uku ba ta iya haɗa baƙi. Tela bai sani ba. Shi yadda yake duba ɗinki haka yake duba karatu. In ya buɗe littafin rubutunta ya ga layi ya miƙe, shafi ya cika, sai ya ce, "Madalla, aiki ya yi kyau."

A aji ukun aka kawo musu sabuwar malama mai wata dabara. Ta ɗauko littattafan wani tsohon marubucin labaran yara, ta ce duk darasin zangon daga cikinsu zai fito. Suka fara da labarin wani ɗan agwagwa mai tsoron ruwa. Lissafi, ƙwan uwar agwagwa ake ƙirgawa. Zane, hanyar da ya bi zuwa tafki. Kimiyya kuwa, kowa ya je gida ya gwada abin da ke nitsewa da wanda ke tasowa.

Ranar nan Tela ya shigo cin abinci, ya tarar da Auta a gaban baho, hannun riga ya jiƙe, ta zuba masa allura da maɓalli da ƙwaryar zare a ruwa.

"Baba, ka ga allura ƙarama ce amma ta nitse, ƙwaryar zare babba ce ta ƙi."

"Makaranta na sa ki, ko wankin kwanuka?"

Matarsa ta ce, "Maigida, bar ta. Jiya fa da kanta ta karanta abin da ke jikin kwalbar man kekenka. Rabon da in ji bakinta haka tun tana goye."

Ya ce, "Ke ma agwagwar ta shiga kanki."

Ya buɗe littafin rubutu, ya ga rabin shafi, sauran duk zanen tsuntsu. Washegari ya rufe shago ya tafi makaranta.

"Malama, tatsuniya ai kakarta na yi mata kyauta. Ni karatu nake so."

"Baban Auta, karatun ke nan. Sai yanzu ta fara gane baƙi yana magana. Ka ba ni zuwa ƙarshen zango."

"Mai ɗinki ba ya jiran ƙarshen riga kafin ya san ta karkace."

Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Ya ajiye littafin ɗan agwagwa a kan teburinta, ya ja hannun 'yarsa. A hanya Auta ta ce, "Baba, ba mu kai wurin da zai shiga ruwan ba." Ya ce, "Agwagwa ce, za ta shiga."

Ya kai ta wata makaranta inda malami ke cika allo tun daga sama har ƙasa, yara su kwafa, a goge, a sake cikawa. Nan fa Auta ta samu abin da hannunta ya iya, 'yar tela ce. Rubutunta kamar an ɗinka da keke. Duk wanda ya zo shago sai an nuna masa. Shiru ya dawo mata, aka ce hankali ne. Ta faɗi jarrabawar gama firamare, aka ce rashin sa'a. Ta sake faɗi, aka ce ba rabo. Ta zauna gida tana yi masa bakin zane da sa maɓalli.

Kwanci tashi, idon Tela ya fara hazo, zare ya daina shiga allura. Aka yi masa aiki a asibiti, aka haɗo shi da kwalaben maganin ɗigawa a ido da takardar bayani, wanne da safe, wanne da yamma. Yana zaune a kan tabarma, ido ɗaya a naɗe, ya miƙa mata takardar.

"Auta, 'yar boko, karanta mini."

Ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Ana jin kaji a tsakar gida.

"Ina jin ki."

"Baba, in kana so, sai in kwafa maka ita."

"Karantawa na ce."

"Ban iya ba, Baba. Kwafa na iya."

Ba ta yi kuka ba, ta faɗi maganar kamar wadda ke faɗin an ɗauke wuta. Matarsa ta zare takardar daga hannunta, ta yafa mayafi, ta tafi neman mai karantawa a maƙwabta. Tela ya zauna yana shafa bakin tabarma da ɗan yatsa, yana bin saƙar layi layi.

Idon Tela ya warke, amma bai ƙara nuna wa kowa rubutun nan ba. Malama tana nan tana koyarwa da littattafan tsohon marubucin, ɗalibanta na karanta wa iyayensu takarda. Auta na shago, ta iya ɗinki ƙwarai, kuma har yau ba ta san yadda ɗan agwagwa ya ƙare da ruwa ba.

Iyaye, cikar shafi ba ita ce karatu ba. In kun ga malami ya bi da yaro ta hanyar labari da wasa, ku tambaya kafin ku yanke, ku kuma sa yaron ya karanta muku da bakinsa tun yana ƙarami.