Mai Jan Goshi

Ke Mastura, wa ya aike ki tambayar inda 'yan kunnena na zinariya suka tafi? Yaran yanzu ba ku da kunya. To zauna, ki kama bakinki.

Kakanku Husaini bai cika wata uku yana kula da lambun wani attajiri a nan Jidda ba, ya wayi gari ya tarar da kifin da ke tafkin lambun a saman ruwa, ciki sama, ya mutu. Ba kifin miya ba ne. Koi ake ce masa, na ado, fari tas da jan tabo a goshi. Na uwar mai gidan ne, tsohuwa mai raunin gani, mai gidan kuwa shi ne kafilinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar. Ga iƙamarsa, takardar izinin zama, tana gab da ƙarewa. Wanda ya riƙe lambun kafin shi ma, an ce ba sallama ya tafi.

Kullum bayan la'asar tsohuwar takan zauna bakin tafkin, ta ƙwanƙwasa zobenta a dutse, ta tsoma hannu. Kifin ba ya zuwa. "Tun bara yake fushi da ni," in ji ta, amma ba ta fasa ba. A lokacin tana Madina ziyara, jibi za ta dawo.

Husaini ya binne kifin a gindin dabino, ya iso gida unguwarmu Nuzla. Bai roƙe ni ba. Ni na cire 'yan kunnen na danƙa masa, ya sayar ya nemo wani irinsa.

Ya zaga shagunan kifi har ƙafarsa ta kumbura. Ko'ina magana ɗaya: je wurin Abdulghaffar, shi ba ya sayar da na banza, daga Japan ake kawo masa.

Abdulghaffar ya ja shi can bayan shago. Ga shi nan, fari, jan goshi, sai dai ya ɗan fi mataccen girma, kuma da tsaga a wutsiyarsa.

"Wannan tsagar fa?"

"Wahalar jirgi ce, ya akhi. Makon jiya ya sauka. Ka taɓa jin an kama ni da ƙarya?"

Husaini bai san komai a kifi ba sai sunan mai shago. Ya biya.

Ranar da tsohuwa ta dawo, yana tsaye bayanta da tiyon ban-ruwa. Ta ƙwanƙwasa zobe. Kifin ya taso daga ƙarshen tafki a guje, ya sa baki a tafinta. Ta shafa shi har wutsiya, yatsanta ya tsaya cak a kan tsagar. Husaini ya ce a ransa, shi ke nan, sai filin jirgi.

Sai ya ji tana kuka.

"Ga cizon kyanwar nan," ta ce wa kifin. "Ashe ba fushi ka yi ba. Wancan mai lambun ne ya sayar da kai, ya bar mini baƙo a ruwa."

Yalla, ku tashi ku kwanta.