Sallama a Tsibirin Kanya

Ina ɗan shekara bakwai na ishi Baba da naci, sai ya kai ni tsibirin da muke hangowa daga gonarmu ta bakin gulbi. Ran nan bayan azahar ya zaunar da ni cikin masaki, ya shiga ruwa yana iyo yana tura ni. Na ƙanƙame bakin masakin, ina jin hucinsa a ƙeyata.

Tsibirin bai fi tsakar gidanmu ba. Yashi ne da ciyawa, sai itacen kanya guda. Zan ruga tsintar kanya ke nan, Baba ya riƙe ni, ya ce, "Salamu alaikum."

Na yi dariya. "Baba, ai ba kowa."

"Akwai kakarka."

Ya nuna mini wasu duwatsu a gindin kanyar. Ya ce shekarar da mahara suka ƙone ƙauyensu, nan mutane suka ɓuya, nan kuma zazzaɓi ya ɗauke ta.

"Gidanta ne," in ji shi. "Ba a faɗa wa tsohuwa gida ba sallama."

Na yi sallama. Sai kanya ɗaya ta faɗo gabana. Baba ya goge ta da gefen rigarsa, ya miƙo mini.

"Ka gani? Ta ga maigidanta ya zo."

Yau ƙarfin iyo ya ƙare mini, daga bakin gulbi nake yi mata sallama. Jikokina kan ce, "Kaka, ai ba kowa." Nakan bar su su yi dariyarsu tukuna.