Layi Biyu a Jininmu

Saurayinta ya tare ta a ƙofar ɗakin gwajin jini na asibitin da take aiki, ko safar hannu ba ta cire ba.

"Haba, don muna AS sai a fasa aure? Ai A ya danne S, ga mu lafiya lau!"

Takaici ya ishe ta. "Babu wanda ya danne wani. Ni na gwada jininmu, layi biyu suka fito ɓaro-ɓaro, na A da na S, kowanne yana nan daram."

"Ba dole ba ne fa mu haifi mai sikila."

"Haka Baba ya ce wa Mama."

Ta cire safar, ta zare zobensa ta damƙa masa.

"Ƙanwata tana kwance a saman bene, ana ƙara mata jini. Hau ka faɗa mata ba dole ba ne."