Wutar Mutum Biyu

Tun da aka kafa na'urar tsimin wuta a shagunan kasuwa, ba ta sakin lantarki sai ta ga mutum biyu a ciki. Malam Barau tela bai taɓa damuwa ba, sai da ƙaninsa Tanko, abokin ɗinkinsa, ya rasu.

Da ya buɗe shago bayan sadakar bakwai, keken ɗinkin ya ƙi tashi.

"Mutum ɗaya ne," in ji na'urar. "A jira na biyu."

Ya leƙa wajen maƙwabciyarsa Kande mai fura. "Don Allah, zo ki ɗan zauna mini."

"Ayya, Baba, mu ma mu biyu ne kacal, in na fito firjinmu zai mutu."

Ya koma ya zauna, rigar wani ango a cinyarsa, yana gaida duk mai wucewa da ƙarfi, ko wani zai shigo.